Ralanti ya rikice, baƙin mai na ɗiga: sai an sauke inji ke nan?

Tambaya daga wani direba a Maradi: "Salamu alaikum, Baba. Ina da Corolla ƙirar 1996 mai inji 4A-FE, ina jigilar fasinja tsakanin Maradi da Tasawa. Wata uku da suka wuce na ga baƙin mai cikin babban tiyon iska, sai wani makanike ya cire ƙaramin tiyon da ke fitowa daga murfin inji, ya toshe bakin da tsohon buji. Man ya daina shiga, amma yanzu ralanti yana hawa yana sauka, wani lokaci ta mutu in na tsaya, sandar auna mai tana ɗagowa da kanta, kuma duk inda ta kwana sai na tarar da ɗigon mai a ƙasa. An ce mini segman ne, sai an sauke inji. Haka ne?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yarda a kwance ko noti guda a jikin injin nan tukuna. Ban ce segman ɗinka lafiya lau suke ba, mota ce da ta doshi shekara talatin tana cin hanya. Amma kusan duk abin da ka lissafa, tiyo guda da aka toshe ya isa ya kawo shi. Wanda ya cusa bujin nan ya ga mai yana fitowa ta wata ƙofa, sai ya rufe ƙofar, bai tambayi abin da ke koro man ba. Ka je da kukan targaɗe ka dawo da karaya.

Bari mu leƙa cikin injin, don in ka gane abin da ke gudana a can, sauran maganar kai ma za ka iya ƙarasa ta.

Duk lokacin da buji ya ba da wuta, fetur da iska suka kama a saman fistan, ƙarfin da ke tura fistan ƙasa yana neman kowace kafa. Segman, zobban nan da ke kewaye da fistan waɗanda ƴan'uwanmu na Katsina ke ce wa ringi, su ne ke tare shi. To amma ba rufaffun zobba ba ne. Kowanne yana da ƴar tsaga, kuma dole ce, don in ƙarfen ya yi zafi ya miƙe kada ya cije a cikin silinda. Saboda haka ko injin da ya fito daga kamfani jiya, akwai ɗan hayaƙin da ke sulalewa ta gefen fistan ya gangara karter, inda baƙin mai yake kwance. Sabon inji kaɗan yake saki, tsoho da yawa, amma babu wanda ba ya saki.

Hayaƙin nan kuwa ba iska ce zalla ba. Akwai fetur da bai ƙone ba, akwai baƙin toka, akwai tururin ruwa. Direbobi kan yi mini kallon mai zolaya in na ce ruwa, alhali lita guda ta fetur in ta ƙone tana haifar da ruwan da ya kusa lita guda. Shi ne kake gani yana ɗiga daga salansa da sanyin safiya. Mafi yawansa ta can yake fita, kaɗan ne ke gangarawa ƙasa, amma kaɗan ɗin in ya zauna ya isa ɓarna: fetur ya tsinka mai, ruwa ya haɗu da sauran datti ya zama tsami mai cin ƙarfe, a hankali man ya daskare ya koma kamar kwalta. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a ɗakin girkin da ba shi da taga ya ga kunkunniya a jikin azara, to ya ga cikin injin da ba ya numfashi. Ɓarna ta biyu ta fi saurin bayyana. Hayaƙi yana ta shiga, ba ya fita, sai ya taru ya matse, kamar tukunyar wake da aka danne murfinta da dutse. Tururi ba ya haƙura, wurin da ya fi rauni yake nema. A inji, wurare masu rauni su ne juwan na murfi (shimfiɗar da ke hana mai tsiyaya tsakanin murfi da kan inji), robobin da ke rufe bakin kirankishaf gaba da baya, da ramin sandar auna mai. Ka ga amsar tambayarka guda ke nan: ba aljani ne ke ɗaga sandar ba, iska ce ta rasa hanya.

Toyota ta yi wa murfin injin 4A-FE ƙofa biyu. Ta farko tana da ɗan bawul, bai fi babban yatsa ba, zaune cikin wata roba. Daga jikinsa tiyo ya tafi bututun da ke raba wa silinda iska, bayan faifan totur, wato faifan da ke buɗe wa iska hanya in ka taka totur. Sunansa PCV a takardun mota, mu a gareji mukan haɗa tsarin duka mu ce ranifilar, kamar yadda muka gada daga Faransanci. Ƙofa ta biyu tiyo ne kawai ba bawul, yana haɗe da hanyar iska kafin faifan totur, inda iskar ta riga ta bi ta filta. Bisa bayaninka, wannan na biyun aka toshe.

A ralanti, wato inji na aiki ba a taka totur ba, faifan totur a rufe yake, fistan huɗu suna ta ja, iska ba ta isarsu, sai zuƙa mai ƙarfi ta samu a bayan faifan. Ita ake ara a tsotse hayaƙin karter a mayar da shi silinda ya ƙone, iska mai tsabta kuma ta shigo ta ƙofa ta biyu ta maye gurbinsa. Da za a bar hanyar a hangame, da zuƙar ralanti ta kwashi iska fiye da kima injin ya rikice, shi ya sa aka sa bawul. A cikinsa akwai ƴar ƙusa mai tsini da sifirin. Zuƙa ta yi ƙarfi, ta janyo ƙusar ta tsuke hanya, ya rage ƴar kafa. Ka hau kwalta kana tafiya, zuƙa ta ragu, sifirin ya mayar da ƙusar baya, hanya ta buɗe, daidai lokacin da hayaƙin ya ƙaru. In ka take totur har ƙasa, kamar ka cika fasinja za ka wuce tirela bayan Gazawa, zuƙa kusan babu, hayaƙi kuwa ya kai maƙura. A nan bawul ba ya iya kwashe shi duka, sai ragowar ya juya ya fita ta ƙofa ta biyu. Ka ga ke nan tiyon da aka toshe maka aiki biyu yake yi: mashigar iska ce a ƙaramin gudu, mafita ce a babban lodi. Don haka ganin ɗan maiƙo a cikinsa ba ciwo ba ne. Sai in mai ya kwanta har yana taruwa ne ake tambaya.

Ga yadda nake karanta labarin motarka. Bawul ɗin ya fara toshewa da datti, wataƙila tun kafin ta zo hannunka, don da wuya ka ga wanda ya taɓa canza shi a garin nan. Da ya toshe, hayaƙin duka ya koma bin ƙofa ta biyu dare da rana, yana ɗauke da feshin mai. Shi ne man da ka gani a babban tiyo. Man nan bai tsaya a tiyo ba, ya bi iska ya shafe faifan totur da bawul ɗin ralanti da ke manne a jikinsa, ƙurar hanya ta zo ta manne a kai, ƴar hanyar da inji ke shan iska a ralanti ta tsuke. Shi ya sa take mutuwa in ka ɗaga ƙafa ka taka birki. Sai kuma aka zo aka toshe ƙofar da ta rage. Daga ranar injinka ba shi da hanci ko ɗaya, sai ya shiga numfashi ta juwan.

Hawa da saukar ralanti kuma yana nuna mini wani abu daban da ya kamata a duba: iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya. Irin injinka ba ya auna iskar da ta wuce filta, yana da ɗan sansa da ke auna ƙarfin zuƙa a cikin bututu. In tiyon bawul ya tsage, kuma tiyon da ya sha zafin Afrilu da Mayu shekara da shekaru yakan bushe kamar ƙirare, sansa ya ga iska ta ƙaru, kwamfutar mota ta ƙara fetur, ralanti ya hau. Ya hau da yawa alhali ba a taka totur ba, ta yanke fetur, ya faɗo, ta sake saki. Haka za ta yi ta yi kamar mai haki. A motar kafireta ko mai ma'aunin iska a bakin filta, irin wannan tsagewa daban take bayyana: fetur ya yi kaɗan, inji ya yi ta karkarwa yana neman mutuwa. Ciwo ɗaya ne, kowace mota da irin kukanta.

Akwai tambayar da nake so ka je ka duba amsarta yau, kafin gobe. Da ya cire tiyon ya toshe bakin murfi, ɗaya bakin na wajen hanyar iska fa, ya rufe shi? In a buɗe ya bar shi, wata uku ke nan injinka yana shan ƙurar hanya kai tsaye ba ta bi ta filta ba. Wannan kam zai iya cinye segman ɗin da ake zargi tun ba su yi laifi ba.

Gwajin ba ya bukatar na'ura. Mota ta yi zafi tana ralanti, ka zaro bawul daga robarsa, tiyonsa na jikinsa, ka ɗora yatsa a bakinsa. Mai lafiya za ka ji yana shiii, ya kama yatsanka da ƙarfi, ka ji ƙas a ciki. In shiru, ko bawul ya toshe, ko tiyo, ko ɗan bakin ƙarfen da tiyon ke shiga a jikin bututu. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi, a sa sabon bawul a ce bai yi aiki ba. Ka naɗe hannun riga kafin ka sunkuya, kuma in da rawani ka cire, don fankar motar nan da kanta take tashi ba ta sallama. Sannan ka kashe mota, ka ciro bawul ɗin ka girgiza. In bai yi ƙara ba ya mutu. In ya yi ƙara, ba shaida ce ta lafiya ba, don sifirin da ya saki ma yana ƙara. Ka goge shi ka busa ta ɓangaren da ke shiga murfi, iska ta wuce cikin sauƙi. Ka juya ka busa ta ɓangaren tiyo, ta wuce da ƙyar. Busawa na ce, kada ka zuƙa, abin da ke ciki ba na huhu ba ne.

Ana iya jiƙa shi a fetur ya saki, amma ni shawarata a saya sabo tare da robarsa, kuɗinsu duka bai kai na juyen mai guda ba. Sai dai ka nemi na injinka. Bawul ɗin Starlet da na Corolla da na Carina suna kama a ido, amma kowanne an auna ƙusarsa da sifirinsa daidai da girman injinsa. Mai shago zai ce maka duk ɗaya ne, don ya shiga ramin. Shiga rami daban, aiki daban. Tiyo ma haka: kada a yanko na ruwa ko na ban-ruwan lambu a sa. Baƙin mai yana narkar da shi, in ya yi zafi kuma zuƙa ta manne shi kamar hanjin da ba komai ciki, hanya ta rufe alhali daga waje lafiya lau kake ganinsa.

In an cire bujin nan an mayar da tiyo, a ɗaga murfin inji gaba ɗaya. A cikinsa ta sama akwai wani faranti da aka manne, aikinsa ya tare feshin mai ya bar hayaƙi kaɗai ya wuce. A injin da ya daɗe ba ya numfashi, bayan farantin nan yakan cika da dasƙararren mai, kuma muddin yana cike, ko ka sa bawul goma mai zai ci gaba da bin tiyo. A jiƙa murfin a gazuwal ko kananzir ya kwana, a girgiza, a sake, har abin da ke fitowa ya yi haske, a bar shi ya bushe sarai. Kada yaron gareji ya goge shi da rairayi kamar yadda ake wanke tukunya. Ƙwayar rairayin da ta maƙale bayan faranti ba ta fita sai inji ya yi zafi, daga nan kuma cikin mai za ta faɗa. A sa sabon juwan. A wanke faifan totur da bawul ɗin ralanti, amma kada a taɓa ɗan sukurun da faifan ke tsayawa a kansa, kada kuma a ɗaure wayar totur don ralanti ya hau. Wannan rufa-rufa ce. Injin nan in ya yi zafi, tsakanin juyi 700 da 800 a minti yake zama da kansa, in bai zauna ba akwai abin da ba a gano ba.

Ɗigon da kake gani a ƙasa kuwa, kada a yi saurin cewa robar baya ce a sauke giya. A 4A-FE, delko, mai raba wa buji wuta, yana zaune a ƙarshen kan inji ta ɓangaren giya, kuma yana da ƴar robar zobe da ke bushewa. Man da ya fito daga nan, ko daga kusurwar murfi, yakan gangara ya ɗiga daidai wurin da inji ya haɗu da giya, kowa ya rantse robar baya ce. A wanke injin tas bayan an gyara numfashin, ka yi kwana uku kana aiki, sannan a bi sawun man daga ƙasa zuwa sama. Inda ya fi tsawo, nan ne mafarinsa. Sau da yawa in matsi ya sauka ɗigon kan ragu ƙwarai ko ya tsaya. In kuwa robar bayan ta riga ta turo ko ta tsage, ba ta komawa, sai an canza, kuma kada a ja lokaci don man yana kaiwa ga faifan kuloci ya fara sulɓi.

Ni kaina na sha wannan kunyar ina sabon buɗe gareji. Wata tsohuwar a-kori-kura ce aka kawo mini tana zubar da mai ta baya. Na sauke giya na sa sabuwar roba, bayan mako biyu ta dawo. Na zagi mai sayar da kaya a zuciyata, na sake sauke giya na sa wata, ta sake dawowa. Sai a karo na uku na bi tiyon numfashin, wanda wani ya cire tun da can ya bar shi yana lilo a gefen inji. Motar ta yi damina guda a ajiye, zanzaro ya shiga ya yi gininsa na laka a ciki, ya toshe shi ƙam. Da tsinken waya na gyara abin da na sauke giya sau biyu a kansa, kuma kuɗin aikin na biyu daga aljihuna ya fita.

To yaya za a san ko segman ɗin da gaske sun gaji? Bayan an buɗe hanyoyin, ba kafin nan ba, ka buɗe murfin zuba mai tana ralanti. Ɗan tururi mai laushi ba komai ba ne. In kuwa tana huci fuf-fuf-fuf a jere kamar zugazugin maƙeri, har murfin na rawa in ka ɗora shi, akwai silindar da ke sakin wuta ƙasa. Ka lura da hayaƙin salansa kuma. Shuɗi da safe in an tayar, ya ɗan jima ya ɗauke, wannan yawanci robobin bawul na kan inji ne, kuma ba a sauke inji dominsu. Shuɗi duk lokacin da ka taka da lodi, wannan ya fi kama da segman. Baƙi fetur ne ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa, ga ruwan radiyato na raguwa, juwan kulas ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa.

Amma hukunci na agogon auna matsi ne, kuma duk garejin da zai ce a sauke inji bai ɗaura agogon nan ba, ka ɗauki motarka ka yi gaba. Inji da zafi, batir da ƙarfi, a cire buji huɗu duka, a zare fis ɗin EFI don fetur ya yanke, a take totur har ƙasa, a auna kowace silinda. Littafin Toyota ya ba 4A-FE 13.5 a ma'aunin kilo, mafi ƙaranci 10, kuma bambancin silinda da ƴar'uwarta kada ya wuce 1. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata baƙin mai cokalin shayi guda ta ramin buji a sake aunawa. In allura ta hau sosai, man ya toshe kafar segman na ɗan lokaci, su ne masu laifi. In ba ta motsa ba, a nemi laifin a bawul ɗin kan inji ko juwan kulas. Abu guda da agogon ba ya gani shi ne zoben ƙasa, mai share mai daga bangon silinda. Yana iya maƙalewa mota ta yi ta shan mai alhali matsi lafiya. Wannan sai da lissafi: ka cika mai daidai layin sama a shimfiɗaɗɗen wuri, ka yi zuwa da dawowa Tasawa sau huɗu, kusan kilomita 1000 ke nan, ka sake dubawa a wuri guda. Tsakanin layin sama da na ƙasa kusan lita guda ce. Daidai layin na ce. Direbobi da yawa in sun ga ɗigo sai su riƙa zuba ƙari har ya haura, kirankishaf ya yi ta bugun man yana kumfa, ranifilar ya kwashe shi ya kai hanyar iska. Wani lokaci wannan kaɗai ne asalin man da ake gani a tiyo.

Za ka ji dattawan tasha suna cewa ai motocin zamanin da, tiyo ne kawai a sake yana kallon ƙasa, kuma sun yi shekaru suna aiki. Gaskiya ne. Iskar gudu ce ke jan hayaƙin ta bakin bututun, in mota na tsaye ko tana tafiyar hawainiya ba abin da ke jansa, shi ya sa cikin injinan zamanin yake baƙi ƙirin. Hayaƙin da ya turnuƙe birnin Los Angeles ne ya sa aka fara sa bawul ɗin nan a sababbin motocin jihar Kalifoniya a 1961, zuwa 1963 ya game yawancin motocin Amurka, sauran duniya ta biyo baya. Don tsabtar iska aka kawo shi, sai aka tarar mai da inji ma sun fi daɗewa. Kuma ka lura, ko na da ɗin a buɗe suke barin bututun, ba wanda ya taɓa toshe shi. Sakin tiyo yana lilo dabara ce ta fita daga daji, a hanyar Dakwaro ko Mayahi in ba yadda za a yi. A ƙasarmu mai ƙura ba abin zama da shi ba ne. Injin da ya tsufa ƙwarai, mai shi kuma bai shirya gyara ba, nakan sa masa ɗan gwangwani a tsakiyar tiyo, mai shiga da fita, ya tare man ya bar hayaƙin ya wuce, a riƙa zubarwa. Wannan yana sayen lokaci, ba ya mayar da segman sabo.

Masu wasu motocin da ke karanta wannan, kada ku je neman bawul irin na Toyota ku ce an sace. Yawancin tsofaffin motocin Turai, irin su Peugeot 504 da Mercedes 190, ba su da shi. Raga ce da wani ɗan rami da aka auna faɗinsa. Ramin kan toshe, a buɗe shi da siririyar waya, kada a faɗaɗa shi da ƙusa, don faɗinsa shi ne bawul ɗin. Opel Vectra da Astra sun yi suna wajen toshewar wannan rami a jikin totur da rikicewar ralanti. Wasu Golf da BMW kuma faifan roba ne a cikin wani ɗan gwangwani. In ya yage za ka ji inji na yin fito kamar usur, murfin zuba mai ya manne da ƙyar ake ɗaga shi. Masu gazuwal, Hiace da Hilux da sauransu, ku naku ya fi haɗari. Injin gazuwal yana iya cin baƙin mai a matsayin abincinsa. In mai ya yi yawa a hanyar iska, inji kan ɗauka da kansa ya yi ta hawa, ka zare makulli bai san ka yi ba. In haka ta faru, a taka birki, a sa babbar giya a saki kuloci ya shaƙe, ko a toshe bakin iska da katako ko wani abu mai tauri, ba da tafin hannu ba.

Abin da ke toshe ranifilar a Maradi ba ɓoyayye ba ne, halinmu ne. Na farko cire tamostat. Ana cewa ai ƙasar zafi ce, me za a yi da shi. To na Toyota wajen digiri 82 yake buɗewa, aikinsa ya sa inji ya yi zafi da wuri ya tsaya a nan. In babu shi, a safiyar hunturu sai ka kai Agye allurar zafi ba ta tashi ba, kwamfuta na ganin inji da sanyi tana ta ƙara fetur, fetur na wanke bangon silinda yana gangarawa cikin mai, ruwan da ya kamata zafi ya kore yana zaune. In ka ga wani abu kamar shayi da madara a ƙarƙashin murfin zuba mai alhali ruwan radiyato bai ragu ba, wannan ne. Na biyu mai. Na awo daga durom da ba ka san asalinsa ba, da kuma ɗabi'ar nan ta ƙari maimakon juye, wai ai kullum ina zuba sabo. Sabon da ka zuba a kan tsoho ba ya fitar da dattin. Mai aiki irin naka a ƙura, kada ya wuce kilomita 5000 bai juye ba, da filta. Mai kauri kuma, irin wanda ake ba tsohuwar mota don hayaƙi ya ragu, ɓoye ciwon yake yi. Na uku filtar iska da ake bugawa a taya ko a hure da kwamfaresa har ta huje a mayar. Fetur ɗin ruwa-ruwa na bakin hanya ma in an gauraya shi da kananzir ba ya ƙonewa duka, ragowar karter yake tafiya.

Ga jerin aikin yadda zan yi shi da motar tana gabana: a cire bujin nan a mayar da tiyo, sabon bawul da roba da tiyonsa, wankin murfi da totur, juyen mai da filta biyu, ta mai da ta iska, a duba ko tamostat na nan. Yini guda ne, in ban da kwanan da murfi zai yi a gazuwal. Ka yi mako kana aiki da ita, sannan a ɗaura agogo. Ka rubuto mini lamba huɗun da ya nuna, busasshe da kuma bayan an zuba cokalin mai, tare da inda mai ya tsaya a sanda bayan zuwa Tasawa huɗu. In duka sun haura 11 kuma suna kusa da juna, ka ci gaba da lodinka. In guda ta faɗi ƙasa da 10 ta kuma hau da mai, sai mu yi maganar segman, kuma a lokacin ma zan so a auna silindar kafin a sayo zobba, don sabon zobe a cikin ramin da ya zama ƙwai ba ya wata shida.